Hilux ta Turai, Tundra haibirid ko Land Cruiser ta furoje: wacce za ta riƙe kuɗinta a Maraɗi?

Alhaji, barka da war haka, ya iyali, ya kasuwa? Tambayarka ta iso. Ka ce kana da Hilux ta gazuwal ƙirar 2012 wadda kake cin kasuwannin Dakoro da Bermo da Mayahi da ita, kana son ka sauya, kuma an kawo maka tayi uku: Hilux 2.8 da ta fito daga Turai ta hanyar Lome, mai shan AdBlue, ruwan da ake zuba mata don rage gubar hayaƙi. Da Tundra haibirid, wato mai haɗa injin mai da na lantarki, daga Amurka. Da Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, injin 1HZ, wadda wata ƙungiyar agaji ta sallama. An kuma faɗa maka cewa dokokin hayaƙi sun kusa kashe gazuwal, gara ka yi maza ka koma haibirid tun farashi bai karye ba. Abin da kake son sani shi ne wacce za ka sayar nan da shekara biyar ba tare da ka ciji yatsa ba.

Ga aikin daji irin naka, Land Cruiser ɗin ce za ta fi riƙe kuɗinta, muddin shasinta da takardunta suna lafiya. Hilux ta Turai tana biye, amma da sharaɗi. Tundra ce ta ƙarshe, kuma ratar da yawa. Akwai ta huɗu da dillalai ba su kawo maka ba, zan zo kanta. Dalilina kuwa, farashin tsohuwar kat-kat a Maraɗi ba majalisar Turai ke yanke shi ba, mutumin da zai saya a hannunka ke yankewa. Shi ko kafin ya taya, abu biyu yake tambayar kansa: in ta tsaya mini a bayan Dakoro wa zai tayar da ita, kuma kayan gyaranta a cikin gari suke ko sai an yi aike Kano ko Dubai?

Bari mu fara da dokar, tunda da ita aka tsorata ka. Turai ta soma ƙayyade hayaƙin mota da ma'aunin Euro 1 a 1992, tana ta matsawa mataki-mataki. Biyu daga cikin matakan su ne suka shafe mu. Euro 5 ta 2009 ta rage baƙin hayaƙin da aka yarda mota ta fitar har ya zama dole a sa wa kowace motar gazuwal matata a cikin salansa, wadda makanikai ke kira FAP, wasu su ce DPF. Euro 6 ta 2014 ta matse wata iskar mai guba da ido ba ya gani, ita ce ta jawo tankin AdBlue. A 2015 aka kama Volkswagen ta yi maguɗin gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, sai sunan gazuwal ya ɓaci a can. Manyan birane suka shiga korar tsofaffin motoci: a Landan, tun 2019, motar gazuwal da ba ta kai Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ta shiga yankin da aka shata, Faransa kuma ta fito da takardar Crit'Air da ake mannawa a gilashi. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar daina sayar da sababbin ƙananan motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, ko da yake ana ta ja-in-ja a kan sassauta ta.

To duk wannan gaskiya ne, kuma ya karya darajar tsohuwar gazuwal. Amma a can. Motar da ta zama kaya a hannun Bature jirgin ruwa take hawa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Faɗuwar farashinta a Beljiyam ita ke sa ta iso gare mu, ba ita ke hana ɗan kasuwar Tasawa sayenta ba.

A wajenmu fa? A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO sun zauna a Wagadugu suka amince cewa daga Janairun 2021 motar da za a shigo da ita ta kai ma'aunin Euro 4, man da ake shigowa da shi kada farar wutar cikinsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan, ƙaramar mota kada ta haura shekara 5, babba shekara 10, aka kuma bai wa ƙasashe wa'adin shekara goma kan maganar shekarun. Nijar ta fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. Ko da ba ta fita ba, lura da kyau: waɗannan ƙa'idoji a bakin ƙofa suke tsayawa, kan motar da za ta shigo, ba kan wadda ta riga ta biya duwan ta ɗauki lamba ba. Haka Kodebuwa ta yi a 2018 da ta hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara biyar. Ranar da aka rufe ƙofa irin haka, wadda ke cikin gida tsada take ƙarawa. Saboda haka in dillali ya ce maka Hilux ɗinka ta 2012 ta kusa zama gwangwan, duba ko ba shi ne ke son ya karɓe ta ba.

Inda dokar hayaƙi ke taɓa aljihunmu da gaske shi ne tana kashe injinan da muka saba da su tun daga masana'anta. 1HZ, mai silinda shida, lita 4.2, ya fito a 1990. Ba kwamfuta, ba turbo, famfon mansa ba na lantarki ba ne, kowane mai gyaran famfo ya san cikinsa. An daina sayar da shi a Ostareliya a 2007 saboda ma'aunin hayaƙi, ya rage sai kasuwanni irin namu. Da Land Cruiser 300 ta fito a 2021 ta ajiye injin V8 mai silinda takwas ta ɗauki V6 mai silinda shida da turbo biyu. Tundra ta yi haka a ƙirar 2022. V8 ɗin gazuwal na Land Cruiser 70 shi ma ana naɗe tabarmarsa, an kawo 2.8 mai silinda huɗu a madadinsa. Masu neman inji mai sauƙin gyara ba su ragu ba, injin ne ke raguwa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da hakan ke yi wa farashi.

Yanzu Hilux ta Turai. Injinta, 1GD-FTV, inji ne mai kyau, yana da ƙarfi, kuma bai kai 1HZ shan mai ba. Matsalar tana rataye a bayansa. FAP tukunya ce ta yumɓu mai ƙananan ramuka da ke tare baƙin hayaƙi. In ta cika, kwamfuta tana ƙara zuba gazuwal don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, ya ƙone abin da ya taru. Ƙonawar tana son mota ta yi tafiya a miƙe na ɗan lokaci. Mai zirga-zirgar Maraɗi zuwa Damagaram a kan kwalta ba ya ma sanin ana yi. Amma wanda ke rarrafawa cikin rairayi da ƙaramin giya, ko ya bar inji yana kaɗawa a bakin kasuwa don sanyin kilim, yana katse ta kullum. Fitila ta kunnu a tabulo, a yi biris, sai wata rana mota ta ƙi jan fiye da tafiyar amalanke. A wasu injinan gazuwal ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin baƙin mai, ka zaro ma'auni ka ga ya haura alama maimakon ya ragu. Kuma ka tuna zafin nan in za ka tsaya a kan busasshiyar ciyawa a dajin Bermo cikin rani.

An ƙera wannan tsari ne don gazuwal ɗin Turai, wanda tun 2009 farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya samu gazuwal a Afirka ta Yamma da ya ninka wannan har sau 378. Abubuwa sun gyaru a wurare da dama tun lokacin, muna da matatar mai ta SORAZ tun 2011, amma kai ba kullum a gidan mai kake sha ba. A ƙauye jarkar ɗan ruwa-ruwa ce, ba wanda ya san daga inda ta fito ko me aka gauraya. Anjektar na wannan inji, masu fesa mai cikin silinda, suna aiki da matsin da ya haura 2,000 a ma'aunin bar. Ɗigon ruwa ko ƙura da 1HZ zai haɗiye ya wuce, su zai ci su. Baƙin mai ma ba kowane ba, sai mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta C2 a jikin galan. A zuba na gama-gari, tokarsa ta toshe FAP toshewar da ƙonawa ba ta buɗewa.

AdBlue kuwa uriya ce tsantsa kashi 32.5 cikin 100 a cikin tataccen ruwa. E, dangin takin da ake zuba wa gero ce, amma kada wani mai dabara ya jiƙa maka taki da ruwan rijiya, famfonta da bakin feshinta za su mutu. Zafi yana rage mata kwana, galan ɗin da ya sha ranar Afrilu a gaban shago ba abin yarda ba ne. In ta kusa ƙarewa, mota tana ƙirga maka kilomitan da suka rage, in ta ƙare kuma ka kashe ba za ta sake tashi ba. Ba lalacewa ba ce, doka ce ta sa aka tsara ta haka.

Kada ka ɗauka mu kaɗai wannan matata ta wahalar. A Ostareliya, inda mai yake da tsabta, masu Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020, motoci sama da 260,000, sun kai ƙara, kuma a 2022 kotun tarayya ta ce lahanin matatar ya rage darajar motocin da kashi 17.5 cikin 100. Kotun ɗaukaka ƙara ta sauko da shi zuwa 10 daga baya. Ka ga har alƙali ya yarda cewa salansa na iya cin kuɗin mota.

Na san abin da za a ce maka: a fasa tukunyar, a zubar da cikinta, a goge ta daga kwamfuta. Ana yi, kuma in gwani ya yi mota tana tafiya. In ɗan koyo ya yi, za ka rayu da fitilu a tabulo da turbo mai kuka. Ni ba na ba da wannan shawara. Hayaƙin da aka saki yaran da ke talla a bakin hanya ke shaƙa, kuma tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon. Ta fuskar ciniki ma, mai saye da ya san mota yana ganin an taɓa kwamfuta zai rage tayi. In za ka duba wadda aka kawo maka, sa yatsa cikin bakin salansa tana sanyi. Motar da matatarta ke aiki, yatsanka zai fito kusan fes. Ya fito baƙi ƙirin kamar ka shafi gindin tukunya, to an riga an yi mata aiki ko ta tsage, ko me mai ita ya rantse.

Sai haibirid. Nan ake yawan ruɗa mutane, domin abubuwa daban-daban ake kira da suna ɗaya. Akwai irin na Prius, wadda ta fito a Japan tun 1997, da RAV4 da Highlander, inda injin lantarki ke ɗaukar tafiyar cikin gari, injin mai ya riƙa hutawa. Wannan yana rage mai sosai: a ma'aunin hukumar Amurka RAV4 haibirid tana shan wajen lita 6 a kilomita 100, 'yar'uwarta ta esans zalla wajen 8. Mu yi lissafi da farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, esans sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal 618. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya tsira da lita 400, kusan jika 200. Ga Hajiya da kai yara makaranta da zuwa Yamai jefi-jefi, ba ni da ja, haibirid ɗin Toyota irin wannan ta daɗe tana nuna juriya.

Na biyu, na Tundra, ba don haka aka yi shi ba. Injin lantarki ɗaya ne aka cusa tsakanin injin mai da giya don ƙarin ƙarfi, doki 437 gaba ɗaya, da ƙaramin batir mai bolt 288 a ƙarƙashin kujerar baya. Ragin man da take yi a kan wadda ba haibirid ba bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, kuma a cikin rairayi da lodin buhunan wake, inda inji ba ya samun hutu, ragin kusan babu. Na uku shi ne ɗan ƙarami mai bolt 48 da aka sa wa Hilux a 2024: dinamo ne babba da bel ke juyawa, da batir da bai kai kilo 8 ba. Ba ya tafiyar da mota shi kaɗai, ragin mansa kaɗan ne, kuma matatar hayaƙi tana nan daram tare da shi. Akwai kuma masu caji da wayar wuta, irin Ranger ta Ford da Shark ta BYD, amma wanda ke kwana a Bermo ya fara tambayar inda zai soka wayar.

Abokan gabar batirin haibirid uku ne, duka muna da su. Zafi: Afrilu da Mayu muna haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Ƙura: batirin yana shan iska daga cikin ɗakin mota ta wata 'yar fanka mai raga kusa da kujerar baya, hunturu ɗaya ya isa ya liƙe ragar, kuma da wuya ka ga an buɗe ta lokacin juyen mai. Na uku zaman banza: alhazanmu suna son su rufe mota da tampol wata uku sai ranar biki, batirin nan ko ba ya son dogon kwanciya. A Amurka Toyota tana ba da garantin shekara 10 ko mil 150,000 a kan batir tun ƙirar 2020, shi ya sa mai saye na biyu a can hankalinsa kwance. Garantin ba ya hawa jirgi. A nan, ka sayi ta shekara uku ka riƙe biyar, za ka kai kasuwa mota mai batirin shekara takwas, kuma duk wanda ya zo tayi sai ya cire kuɗin sabon batir a ransa, ko naka lafiya lau yake.

Ƙara da cewa da yawan motocin Amurka da ke isowa gaɓar tekunmu daga gwanjon kamfanonin inshora suke, masu haɗari ko waɗanda ambaliya ta ci. Motar esans da ta sha ruwa ana iya lallaɓa ta. Haibirid da ruwa ya kai kujerar baya, bar ta inda ka gan ta. A karɓi lambar shasi mai harafi 17 a bincika tarihinta a intanet kafin a yi maganar kuɗi, a ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙafafun kujeru. Wayoyin batirin haibirid masu launin ruwan lemo kuma ba na yaron gareji ba ne, wutar cikinsu tana kisa. Ga faɗin jiki da nauyi a hanyar da amalanke da Hilux suka fitar, ga kayan gyaran da ba sa haɗuwa da na kowace mota a garin nan. Masu sayen Tundra a jihar Maraɗi ana iya ƙirga su, kuma mai irin wannan kuɗi sabuwa yake so, ba ragowar wani ba.

Ta huɗun da na ce ita ce Hilux da aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, irin wadda wakilin Toyota ke kawowa ko ake ɗaukowa daga Dubai. Ta gazuwal ɗinsu galibi ba ta da tankin AdBlue, an kuma daidaita ta da mai da ƙura irin namu. A duba dai a tabbatar, domin ba duka ba. Ta esans 2.7, injin 2TR-FE, ita ce ba a cika yaba mata ba alhali tana da abin yabo. Tana shan mai fiye da ta gazuwal, amma litarta ta fi araha, injinta ba shi da turbo, kuma tana da kasuwa biyu, don a Najeriya Hilux ta fetur ce ta fi yawa, kayanta da masu gyaranta suna nan daga Jibiya har Kano. Sai dai kada ka gina lissafinka duka a kan mai saye daga Katsina. Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a Janairun 2017, naira kuma ta faɗi sosai daga 2023, mai naira ba ya iya tayin da yake yi a da. A ɗaya gefen, rufe iyakar Gaya da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkatar da kaya daga Kwatano zuwa Lome ta Burkina, hanya ta ƙara tsawo da tsada, wannan kuma yana tallafa wa farashin duk motar da ta riga ta shigo.

In ka tsaya kan Land Cruiser ɗin, kada sunanta ya rufe maka ido. Ba ta da gudu, dokinta wajen 130 ne, kujerarta tana karya baya, tana hayaƙi, kuma a wasu hanyoyin Madarunfa da Gidan Runji irin motar da ɓarayin daji ke kwaɗayi ce, wannan ma lissafi ne. Motar furoje tana da kyan samun juyen mai a kan lokaci, amma direbobi da yawa sun yi ta dukanta. A hau da ita rami, a bi shasi da tocila, musamman wajen maƙalan sifirin na baya da bayan kabin, inda lodi ke tsaga ƙarfe. Sabon baƙin fenti a wuri ɗaya walda yake ɓoyewa. A tayar da ita da sassafe tana sanyi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko tana huci. A sa kat-kat a ji ko gaba yana kamawa.

Sannan takardu. Yawancin motocin ƙungiyoyin agaji ba da biyan duwan suke shigowa ba, an yafe musu ne saboda aikinsu, kuma yafiyar ba ta bin mota zuwa hannun ɗan kasuwa. Kafin ka ba da ko dala, ka ga takardar da ƙungiyar ta sallama motar da ita, ka je ofishin duwan da kanka su faɗa maka abin da za a biya, ka cire shi daga tayinka, kuma lambar da ke kan kart giris ta yi daidai da wadda aka buga a jikin shasi harafi da harafi.